Kogi Da Wutsiyarsa

Mu mutanen Achilafiya ba masunta ba ne, manoma ne. Amma kowa a cikinmu ya taɓa cin bandar kifi a miya. In muka tambayi mai banda a kasuwa inda kifinsa ya fito, sau da yawa zai ce mana daga Haɗeja ne, ko Nguru, ko Gashuwa. Yau za mu bi sawun ruwan da ya haifi kifin nan, mu ga inda ya taso, da inda ya ƙare, da abin da ya same shi a hanya.

Mu fara da gida. In ruwa ya sauka a kan duwatsun Kazaure da na Roni, ba ya tsayawa, gama dutse ba ya shan ruwa. Sai ya gangara ƙorama, ƙorama ta kai shi rafi, rafi ya kai shi kogi. Da ya fita daga ƙasar dutse ya shiga ƙasar rairayi, irin ta wajen Babura, sai gudunsa ya ragu. Ya bazu cikin fadama, ƙasa ta shanye shi. Haka Kogin Gari yake yi, haka Kogin Tomas. Ba su kai teku, a rairayi suke ƙarewa. Amma ruwan bai ɓace ba. Shi ne muke tararwa a gindin rijiya da bazara.

Yanzu an datse kogunan nan. Akwai dam a kan Gari, akwai a kan Tomas wajen Dambatta, ga kuma na Muhammadu Ayuba a Kazaure. Mun ga amfaninsu da idonmu: ruwan sha, da tumatir da albasa da rani, da aiki ga samarin da dā sai sun tafi cin rani. Ba wanda zai ce a rushe su. Tambayarmu ɗaya ce: in na sama ya tare ruwa, mene ne rabon na ƙasa, kuma yaya za a san yawansa?

Abin da ya faru a Kogin Haɗeja

Don mu gane amsar, sai mu dubi babban kogin jiharmu. Kogin Kano ya taso daga kudu, Kogin Calawa ya taso daga yamma. Sun haɗu kafin Wudil, suka zama Kogin Haɗeja. Ya bi ta Ringim, ya wuce Haɗeja. Daga nan ƙasa ta kwanta sosai, sai kogin ya rarrabu hannu-hannu cikin tuddan rairayi. Wani hannun ya nufi tabkin Nguru. Can kuma ga Kogin Jama'are ya zo daga tsaunukan Jos. Ruwan biyu ya haɗu wajen Gashuwa ya zama Kogin Yobe, wanda ya bi ta Gaidam da Difa, ya faɗa Tabkin Cadi.

A zamanin dā, kogin nan yana da ɗabi'a guda wadda kowa ya sani. Da rani yakan ƙafe, sai rairayi da 'yan kududdufai. Cikin watan Agusta da Satumba kuwa sai cikowa ta zo, ruwa ya haura gaɓa ya malale fadama. A shekarun 1960, in damina ta yi kyau, ƙasar da ruwa ke rufewa tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa takan wuce murabba'in kilomita 2,000.

Ku lura da abin da cikowar nan ke yi, gama nan ne gindin darasinmu. Manomi yakan watsa shinkafa da ruwan farko, in cikowa ta zo shinkafa ta tashi tare da ita. Kifi kuwa ruwan sabo yake jira. Da ya ji kogi na tashi, sai tarwaɗa da karfasa su fita cikin ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yansu su yi ƙiba a wurin da babban kifi ba ya iya bin su. In ruwa ya soma janyewa cikin Oktoba, masunta su tare mashigai su yi kamu. Bayan su sai mai wake da mai kuɓewa su shuka a danshin da ruwa ya bari, ba su ban ruwa ko sau ɗaya. Bayan su kuma Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa, shanu su bar taki. Ƙasa guda, ruwa guda, amma mutum huɗu sun ci abinci a kanta bi da bi. Har wa yau ruwan da ya kwanta wata biyu ko uku a fadama yana nutsewa ƙasa, ya cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi. Tsuntsaye ma sukan taso tun daga ƙasar Turai lokacin sanyinsu, su zo su yi watanni a nan.

A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama Dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano. An gina shi don ya riƙe ruwa kusan duro miliyan dubu goma, irin duron nan mai cin lita 200. Shi ke ba gonakin Kadawa da Kura ruwa, shi ke taimakon birnin Kano da ruwan sha. A 1992 aka gama na Calawa wajen Ƙaraye. Aka kuma yi wata madatsa kusa da Auyo saboda noman rani na kwarin Haɗeja.

Daga nan ɗabi'ar kogi ta juye. Ruwan damina da dā ke zuwa gaba ɗaya, yanzu dam ya tare shi. Cikowa ta ragu, har akwai shekarun da ruwa bai rufe ko rabin inda ya saba rufewa ba. Gaskiya kuwa ba dam kaɗai ya jawo haka ba. An yi fari mai tsanani a 1972 zuwa 1974, aka sake yi a 1983 da 1984. Amma fari yakan zo ya wuce, dam kuwa yana nan.

Ciyawar da ta toshe kogi

Wani zai ce, "To, ai ana sakin ruwa daga dam da rani. Kogin da dā yake ƙafewa yanzu yana gudu duk shekara. Wannan ba alheri ba ne?"

Tambaya ce mai kyau, mu ma dā haka muka zata. Amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai wata ciyawa mai tsawo da ake kira kacalla, wasu su ce shalla. Ba ta son ƙasa ta bushe, ba ta kuma jure wa ruwa mai ƙarfi. Dā rani yakan kashe ta, cikowa ta tumɓuke saura. Da kogi ya koma gudu kaɗan-kaɗan ba yankewa, sai ta sami abin da take so. Ta cika hannuwan kogi, ta tare laka, laka ta toshe hanya. Ruwa ya rasa mafita, sai ya kwanta a gonakin wasu shekara da shekaru, su rasa wurin shuka. Wasu kuma can gaba, a hannun da ya toshe, ko ɗigo ba ya kai musu. Kwalekwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga. Tsuntsayen jan-baki suka mai da ita gidansu, daga nan suke tashi su faɗa wa shinkafa da gero. Sauro da katantanwar da ke kawo tsargiya su ma suka sami mazauni.

Kun ga ke nan ba yawan ruwa kaɗai ne magana ba. Lokacin da ya zo, da ƙarfin da ya zo da shi, da lokacin da ya ɗauke, duka suna cikin lissafi. Kogi yana bukatar ya cika, yana kuma bukatar ya bushe.

Inda kogi ya gamu da teku

Kogunanmu a rairayi da tabki suke ƙarewa. Amma yawancin kogunan duniya teku suke faɗawa, kamar yadda Kwara ta yi a kudancin ƙasarmu. A can ma wannan magana tana nan, har ta fi tsanani, saboda gishiri.

Ruwan teku ba ya shawuwa. In ka cika duro da shi ka bari ya ƙafe, za ka sami gishiri wajen kilo 7. Ya kuma fi ruwan daɗi nauyi. Kuna iya gwada wannan a aji. Ku sa ƙwai cikin kwanon ruwan rijiya, zai nutse. Ku zuba gishiri da yawa ku motsa, za ku ga ƙwan ya taso. Saboda nauyin nan, a bakin kogi ruwan teku yakan kutsa ta ƙasa, ruwan kogi ya bi ta sama, kullum suna ture juna. In kogi na da ƙarfi, ya kori gishiri waje. In ya raunana, gishiri ya hau cikin ƙasa.

Wurin da suke gauraya ruwa ba daɗi ba ne, ba kuma na teku sosai ba, tsaka-tsaki ne. A nan wasu itatuwa ke fitowa masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Cikin saiwoyin nan kifayen teku da jatan lande suke renon 'ya'yansu, kamar yadda tarwaɗa ke yi cikin ciyawar fadama. In ruwan daɗi ya daina zuwa, gishiri ya yi yawa, itatuwa su mutu, kifi ya rasa wurin reno, rijiyoyin bakin gaɓa su yi zartsi.

Haka ta faru a Kogin Senegal, can yamma da mu. Dā da rani ruwan teku yakan hau kogin nan nisan kilomita 200 ko fiye. Don a hana shi, a 1986 aka gama wata madatsa a Diyama, kusa da birnin Sanluwi. Aka kuma gina babban dam a Manantali cikin ƙasar Mali. Gishiri ya daina hawa, aka sami ruwan noman shinkafa. Amma dausayin da ke ƙasa da madatsar, ta gefen Muritaniya, ya rasa cikowa. Ya bushe ya zama fako mai gishiri, iska na kwasar ƙura. Masunta suka watse, maza suka tafi birni neman abinci. Sama da madatsar kuwa, inda ruwa ya kwanta ba motsi, kun san abin da ya fito? Kacalla, irin tamu ta Haɗeja.

A 1991 gwamnatin Muritaniya ta keɓe wurin, ta sa masa suna Gandun Diyawlin. Aka gina ƙofofi a jikin gaɓar kogi, daga 1994 aka soma buɗe su da damina don a maido da cikowa da gangan. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda aka tsai da ranar buɗewa. Masana ba su zauna a ofis suka yanke ba, sai da suka tambayi mutanen wurin. Masunta suka ce a sako ruwa da wuri, gama kifi ya ɗauki ƙwai. Mata masu saƙar tabarma suka ce a'a, ciyawar da suke saƙa da ita sai ta sha ruwan sama ta tsiro tukuna, in cikowa ta riga ta, za ta ruɓe. Kowa da gaskiyarsa. Sai aka shirya a fara sakin ɗan ruwa kaɗan wanda zai jiƙa ƙasa kamar ruwan sama, sa'an nan a riƙa ƙarawa a hankali kowace rana, yadda ruwa ba zai sha kan ciyawar ba. Cikin 'yan shekaru kifi ya dawo, mata suka koma saƙa, itatuwan bakin teku suka sake tofo, tsuntsaye suka komo dubbai.

Yadda ake auna kogi

Ba a yin irin wannan aiki da ka. Sai da awo, sai da rubutu. Ga kayan aikin, ba su da wuyar ganewa.

Akwai ma'aunin ruwan sama, watau gwangwani mai mazurari da ake kafawa a fili. Kowace safiya a duba abin da ya taru a rubuta. Akwai sandar awo, wadda ake kafawa a gindin gada, an zana mata lambobi kamar tef ɗin tela. Mai duba ta yakan zo safe da yamma ya rubuta inda ruwa ya kai. Akwai rijiyoyin da ake zura wa igiya a san ko ruwan ƙasa ya hau ko ya sauka. Yanzu kuma har da hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama, masu nuna faɗin ƙasar da ruwa ya rufe.

Mu gwada lissafi ɗaya tare. A ce ga rafi, faɗinsa mita 4, zurfinsa rabin mita. Mu auna mita 10 a gaɓa, mu jefa kara a ruwa, mu duba agogo. Karan ya ci mita 10 ɗin cikin daƙiƙa 20, watau rabin mita kowace daƙiƙa. Sai mu ce 4 sau rabi, 2 ke nan. 2 sau rabi kuma, 1. Wannan ɗayan ruwa ne cikin akwati mai mita guda ta kowane gefe, daidai da duro 5. To, duro 5 ke wucewa kowace daƙiƙa. Kwana guda yana da daƙiƙa 86,400. Ashe ɗan rafin nan yana wucewa da duro 432,000 daga safiya zuwa safiya. Ma'aikatan ruwa suna da na'urori da suka fi kara daidai, amma hanyar lissafin ita ce wannan.

In aka tara irin wannan rubutu na shekara ashirin ko talatin, sai a iya cewa: in ruwa ya kai lamba kaza a gadar Wudil, bayan kwana kaza zai isa Haɗeja, zai kuma rufe fadama eka kaza. Daga nan mai riƙe da ƙofar dam ya san ranar da zai buɗe, da yawan da zai saka, da ranar da zai rufe.

An yi wannan bincike a kan koginmu. A 1987 aka kafa wani shiri na kula da dausayin Haɗeja da Nguru. Masana na gida da na waje suka yi shekaru suna awo, cikinsu har da Dokta Muhtari Aminu-Kano, da wasu malaman jami'a daga Ingila, Hollis da Adams. A 1993 suka fitar da littafi a kan abin da suka gano. Wani masanin tattalin arziki, Barbier, ya yi lissafin da ya ba mutane da yawa mamaki. Ya haɗa kuɗin shinkafa da kifi da itacen wuta da ake samu a dausayi, ya gwada da abin da ake samu a manyan gonakin ban ruwa na Kogin Kano. Ya tarar kowane duro na ruwa ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba in an bar shi ya malale dausayi. Bai ma sa kiwo da ruwan rijiya cikin lissafin ba. Shawarar da masanan suka bayar ita ce a riƙa sakin babban ruwa daga dam a tsakiyar damina, a kan ƙa'ida, don ya zama cikowa, a kuma rage na rani yadda kacalla za ta ji jiki.

Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi. Birnin Kano yana ɗiban ruwan sha daga kogi a Tamburawa, ba ya yarda kogi ya ƙafe ko kwana ɗaya. Mai alkama a Kadawa yana son ruwa cikin hunturu. Mai lambu a bakin kogi ya sayi inji, ya saba da ruwan rani. Mutane kuma sun yi gini a wuraren da dā ruwa ke kwanciya, in aka saki babban ruwa ba sanarwa, gidajensu za su tafi. Mun ga irin ɓarnar da ambaliya ta yi a jihar nan a 2001 da 2022. Cikowar da aka auna aka sanar da ranarta dabam take da ambaliyar da ke zuwa da dare don dam ya cika ya tumbatsa. Ta fari abinci ce, ta biyu masifa.

Saboda haka sai da zama. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da ƙofofin Tiga da Calawa. A 2000 aka sa tabkin Nguru cikin jerin dausayoyin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. A 2006 jihohi shida da ke shan kogin nan, watau Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Borno, suka taru a Damaturu tare da Gwamnatin Tarayya, suka amince da tsarin raba ruwa, suka kafa asusu dominsa. An yi ta aikin yanke kacalla da yashe hannuwan kogi, da injuna da kuma aikin gayya. A ganinmu yankan ciyawa kaɗai ba zai isa ba. Muddin ruwan rani na kwance a gindinta, za a yanke ta bana ta tofo baɗi.

Namu aikin

Mu komo Achilafiya. Kogunanmu ƙanana ne, amma hukuncinsu ɗaya ne da na manya. Wanda ke sama da dam da wanda ke ƙasa da shi duk 'yan'uwa ne, sau da yawa ma surukai. In rijiyar wani ƙauye ta soma ƙafewa tun watan Fabrairu, alhali dā takan kai Mayu, mutanensa za su kai kuka wurin dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Ma'aikacin ruwa zai tambaya, "Tun yaushe? Da kamu nawa ta sauka?" In amsarmu ita ce "Ai dai ta ragu," zai rubuta ya tafi, ba abin da zai biyo baya. In kuwa muka buɗe littafi muka nuna masa lambobi wata bi wata na shekara uku, dole ya zauna ya duba.

Ga abin da za mu yi daga wannan mako. Kowane aji ya zaɓi rijiya ɗaya, wadda ba a cika ɗiba da dare ba. A sami igiya a ƙulla mata ƙulli kowane rabin mita, a ɗaura ɗan dutse a bakinta. Ranar Juma'a ta farkon kowane wata, da asuba kafin mata su soma ɗiba, mutum biyu su je su zura igiya har dutse ya taɓa ruwa, su ƙirga ƙulli daga bakin rijiya. Ɗaya ya ƙirga, ɗaya ya rubuta. A ja layi uku a littafi: na fari kwanan wata, na biyu yawan ƙulli, na uku sunan wanda ya auna. Waɗanda gonarsu ke kusa da rafi su ƙara layi na huɗu, su rubuta ranar da ruwa ya fara gudu bana da ranar da ya yanke. Malamin aji zai ajiye littafin, a kawo shi duk ranar da muka karanta lambobi.